Shirin Musamman: Fijo 504 da Zamanin da Kano Ke Sayen Mota Sabuwa Fil

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau zancen mota za mu yi, tsohuwar mota, irin wadda in ta gifta dattijo kan dakata da tafiya ya bi ta da kallo.

Wanda ya saba bin titin Maiduguri ta Hotoro, daga ma'ajiyar man NNPC inda tankoki ke jeruwa har zuwa hanyar bayan gari, ya san garejin kanikawan da ke gefen titi. A ƙuryar wasu za ka tarar da mota an ɗora ta kan duwatsu, ƙura ta cinye fentinta. Dubi but ɗinta da ya gangara ƙasa, za ka gane ta. Fijo 504 ce. Ka tambayi mai garejin ko ta sayarwa ce, ka ga yadda fuskarsa za ta sauya.

Irin wannan bege ba mu kaɗai ke yin sa ba. A Amurka, a shekarar 1964, kamfanin Pontiac ya ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas ya cusa a matsakaiciyar mota, ya kira ta GTO. A shekarar ce kuma Ford ya fito da Mustang, daga baya Charger da Camaro suka biyo sahu. Motoci ne na ƙarfi da ruri da shan mai, a lokacin da fetur ke araha. Ba su yi dogon zamani ba. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta matsa musu, kuɗin inshora ya hau, sannan a watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai. Cikin 'yan watanni gangar da ake saya wajen dala 3 ta doshi dala 12. Har gobe kaka da jika kan haɗu a can wajen baje kolin waɗannan motoci. Samarinmu na Kano ma sun san baƙar Charger ta 1970, albarkacin fim ɗin Fast and Furious da ya fito a 2001.

To, masu sauraro, faɗuwar wani tashin wani. Tsadar man da ta durƙusar da waɗancan motoci ita ta cika baitulmalin Najeriya. Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka ƙara wa ma'aikata albashi har da ariyas. A watan Maris na 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri, Kaduna. Legas ta samu Volkswagen, Inugu ta samu kamfanin haɗa manyan motocin Marsandi, Ibadan ta samu Leyland, Bauchi ta samu Steyr. Mu nan Kano aka kafa mana NTM a titin Zariya, inda ake haɗa manyan motoci da taraktocin Fiat. Bayan an kashe Janar Murtala Muhammad a cikin baƙar Marsandinsa ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, Fijo ta zama motar gwamnati tun daga sakatariya har ƙananan hukumomi.

(KIƊA A TAƘAICE)

Wanda ya ga Bompai da Sharada da Challawa a wancan lokaci ba ya mantawa. Da sassafe jiniya za ta kaɗa, masu aikin dare na fitowa, na safe na shiga. Ga masaƙu, ga majemu, ga kamfanonin matsar gyaɗa, ga na alewa da na turare da na robobi. Lebura yana bisa keken Raleigh da aka haɗa a nan Kano. Akawu yana kan babur. Manaja kuwa, da injiniya, da ɗan kasuwar da ya zo ɗaukar kaya, Fijo ce ke kawo su bakin ƙofa. Malamin makaranta da ya kai matakin da ya dace yakan karɓi bashin mota a wurin aiki, ya je wurin dila irin su SCOA, ya fito da mota da ledar kujerunta, a riƙa cire kuɗin a albashinsa kaɗan-kaɗan. Ranar da ta iso gida unguwa ce ke fitowa taya murna, a yi addu'a, Allah Ya sa a kashe lafiya.

Mece ce ta sa 504 ta shiga ran mutane haka? An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Amma direban tasha ba ruwansa da kambi. Abin da ya sani shi ne ƙasanta a ɗage yake, ba ta tsoron gargada, shokozobanta na shanye rami, ƙarfinta kuma daga tayoyin baya yake, don haka kaya ba ya karya mata gwiwa. Injinta silinda huɗu ne kacal, ƙarfinsa bai kai rabin na motocin Amurkan nan ba, amma wagon mai layin kujeru uku kan kwashi fasinja da kayansu daga Kano, ta ratsa Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, ta sauke su Maiduguri, gobe ta juyo. A-kori-kurarta kuwa ta sha buhunan gero da tumaki a kasuwannin ƙauye.

Sai kuma gyara, kuma a ganina nan ne asalin soyayyar take. In ka ɗaga bonet ɗin 504, komai a fili yake, hannu na kaiwa ko'ina. Tsohon bakanike ba ya bukatar na'ura. Zai ce a tayar, ya karkata kai ya saurara, ya gaya maka ko fulogi ne, ko kwantak, ko kabireta ce ta sha datti. Zai kwance kabiretar ya wanke da fetur, ya hura, ya mayar, ya daidaita ta da sukundireba yana bin sautin inji har ya kwanta. In lagireto ya huje a daji, direba ya san dabarar da za ta kai shi gari. Abin da ya gagara kuma, akwai shi a kasuwar Ƙofar Ruwa. Yaran da suka koyi aiki a ƙarƙashin waɗannan iyayen gida su ne manyan kanikawan yau, kuma da yawansu za su ce maka a kan Fijo suka fara riƙe sifana.

Gaskiya dai ɗaya ce, motar tana da aibinta. Ba ta da jakar iskar kariya, tana shan mai, kuma gudun da direbobin wagon ke yi da ita ya jawo haɗurran da suka raba iyalai da dama da 'yan uwansu. Wanda ya rasa nasa a hanyar Zariya ko ta Gwarzo ba zai tuna ta da daɗi ba, kuma yana da hujja.

Ƙarshen zamanin ya zo da sauri. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, kuɗin kayan haɗi daga waje ya ninka, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Sai motoci 'yan Kwatano suka cika gari. Ƙarancin wutar lantarki da kayan waje masu araha suka rufe masana'antu bi da bi, wasu gine-ginen Sharada da Bompai suka koma ɗakunan ajiyar kaya. Faransa ta daina ƙera 504 tun 1983, Kaduna ta ci gaba har wajen 2006, shekarar da gwamnati ta sayar da hannun jarinta a kamfanin. A tashoshi kuma Golf da Sharon suka gaje wurin wagon. A 2022 wani sabon kamfani da Dangote ke da hannu a ciki ya fara haɗa Peugeot a Kaduna, sai dai ma'aikacin da zai iya sayenta da albashinsa sai an tona.

Shi ya sa idan dattijon Hotoro yana yabon Fijo, ku saurare shi da kyau. Yana tuna lokacin da aikinsa ya isa ya saya masa abin da aka haɗa a ƙasarsa, da tayar Michelin ta Fatakwal ko Dunlop ta Legas. Matashi kuma ta wata hanya yake zuwa. Wani hoton babansa ya gani, yana jingine da mota da wando fantalo. Wani siffar ce ta burge shi. Akan samu wanda zai fito da ta gidansu daga rumfa, ya yi mata garambawul da fenti, ya hau ranar Sallah, jama'a na ɗaukar ta a waya. Wannan ya fi mini wasan mota da wasu samari ke yi a bukukuwa, suna juyi da taya a tsakiyar mutane, rai a hannun Allah.

Abin da ke damuna shi ne 'yan gwangwan sun fi masu gyara sauri. Kullum ana yanka waɗannan motoci ana auna su a sikeli, masu kunnen sauraron injinsu kuma tsufa na cim musu.

Don haka muna kira. In akwai Fijo 504 ko 404 a gidanku, kada ku yi gaggawar sayar da ita a kilo. Ku rufe ta, ku adana takardunta. Matasa masu sha'awa, ku je garejin Hotoro da na Ƙofar Ruwa ku zauna da tsofaffin kanikawa, ku tambaye su, ku naɗi bayaninsu. Hukumomin tarihi kuma, muna roƙo a samu Fijo ɗaya ƙirar Kaduna da tarakta ɗaya haɗin Kano a ajiye wa jama'a, ko a Gidan Makama ko a wani wuri da ya dace.

A nan za mu dasa aya. Sai wani makon, idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFEWA)