Ko Ka Sani? Kare Ya Fi Jin Loma Fiye da Sanda

Ko ka san kare ba ya iya haɗa ɓarnar da ya yi da safe da dukan da ya sha da yamma? Abin da ya biyo bayan aikinsa nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, shi kaɗai yake riƙewa. Shi ya sa karnukan gadi da yawa da muke jin haushinsu da dare a Yelwa da Fadaman Mada, a nan Bauchi, ba su koyi komai daga sanda ba sai tsoron maigidansu. Karen da yake tsoronka kuwa, ranar da ka kira shi, gudu zai yi.

A 1951 B. F. Skinner, malami a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya wallafa bayanin yadda ake koya wa kare abu cikin ɗan lokaci: da zarar ya yi abin da ake so, a yi wata 'yar ƙara, a bi ta da loma. Ƙarar ce take gaya masa daidai inda ya burge. Kai ba ka buƙatar wata na'ura, kalmar "yauwa" ta wadatar, muddin loma tana biye da ita. Ka ce "zauna", gindinsa ya taɓa ƙasa, ka ce "yauwa", ka miƙa. Lomar kada ta wuce ƙwayar wake, don a maimaita sau da yawa bai ƙoshi ba, kuma daga cikin abincinsa na yini za ka gutsura. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka a fara tun yana ɗan kwikwiyo.

Horon kare ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, malaman fiƙihu kuma suka bayyana horarre da wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Mafarautanmu sun daɗe da sanin wannan.

Lada kuma ba lallai sai abinci ba. Duk abin da kare yake ɗoki a yini lada ne: kwance sarƙa da dare, buɗe ƙofa, wasa, shafa wuya. Kafin ka kwance shi, ya zauna tukuna. Da ya ƙware, sai a rage loma, a riƙa bayarwa jefi-jefi.

A nan ina roƙon masu karnuka su kula. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, don haka tsire da kilishi mai yaji ba nasa ba ne. Goro da cakulan guba ne a gare shi, ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke hanji. Ɗan dafaffen nama ko hanta marar yaji daga kasuwar Wunti ya isa.