Kana Son Ƙirji Irin Na Salman Khan? To Fara Daga Bango!

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya da na Canis ya san wannan ciwon. Ka fito daga kallo jininka na tafasa, ka shige ɗaki ka tuɓe riga, ka kifa a ƙasa wai za ka yi firesof ashirin kamar yadda jarumi ya yi. Ka sauka lafiya lau, amma tasowa ta gagara. Hannu na rawa, ciki ya riga ƙirji taɓa tabarma, sai ka mirgina gefe kana haki, kana fatan ƙanenka bai leƙo ba. Ni ma an yi da ni, bayan na ga Salman Khan ya cire riga ya rataya jita a waƙar nan ta fim ɗin Pyaar Kiya To Darna Kya na 1998.

Abin da kyamara ba ta nuna mana shi ne wahalar da aka sha a baya. Atisayen da Stallone (mu dai Rambo muka san shi) ya yi a Rocky na 1976, har da firesof da hannu ɗaya, 'yan mintoci ne a allo, an yanka an haɗa an ɗora kiɗa. Aamir Khan sai da ya shafe kusan shekara guda yana gina jiki kafin Ghajini ya fito a 2008. Shi kuwa Bruce Lee, Burusli namu, da ya yi da yatsu biyu a bainar jama'a a Amurka a 1964, tun yana matashi a Hong Kong yake horo.

Mai karatu, ba ragwanta ce ta kayar da kai ba, lissafi ne. A cikakken firesof hannuwanka na ɗaga kusan kashi biyu cikin uku na nauyinka. In kilo 60 gare ka, kusan kilo 40 ke nan ka ɗora wa ƙirji da kafaɗu da bayan damtse rana tsaka, ba gargaɗi. Dabarar ita ce ka rage kayan, sannan ka riƙa ƙarawa.

Fara da bango. E, bangon ɗakinku! Ja baya kamar taku ɗaya, dafa shi da tafin hannu daidai ƙirji, ka kai ƙirjin kusa da shi ka turo kanka. In kana yin goma sau uku ba tare da jigata ba, koma kan tebur mai ƙarfi, daga nan benci ko dakali. Duk sanda hannunka ya ƙara yin ƙasa, nauyin ƙaruwa yake. A ƙasa kuma kana iya durƙusawa kan gwiwa, wanda ke rage kayan zuwa kusan rabin nauyinka.

Amma wanda ya fi yi mini aiki shi ne saukowa kawai. Ka hau kamar mai cikakken firesof, ka sauko a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa biyar, sannan ka sa gwiwa ka tashi. Tsoka ta fi ƙarfi wajen saukar da kaya a kan ɗaga shi, don haka ko sabon shiga zai iya. Washegari dai za ka ji a jikinka, kada ka ce ban faɗa maka ba.

Ko a wane mataki kake, jikinka ya miƙe sambal kamar tabarya, daga kai har dugadugai. Ɗaure ciki, kada ƙugu ya lotsa, kada kuma ka baza gwiwar hannu kamar fukafukai, nan ne kafaɗa ke samun matsala. Biyar masu kyau sun fi ashirin na gyaɗa kai, irin wanda wasu ke yi in 'yan mata na kallo. Af, su ma 'yan matan wannan tsanin za su hau, babu bambanci.

Kwana uku a mako ya isa, da hutun kwana guda a tsakani, domin lokacin hutu da barci ne tsoka ke ginuwa. Ka ci wake, ƙwai, awara, gyaɗa da nono gwargwadon aljihu. Allurai da ƙwayoyin kumbura damtse kuwa ka yi nesa da su, suna lalata hanta da zuciya. In ka ji zafi mai suka a kafaɗa ko wuyan hannu, tsaya, in bai daina ba a ga likita.

Wani makonni kaɗan zai kai, wani sai ya yi watanni. Ranar da ka yi guda ɗaya cikakke, ƙirji ya kusa ƙasa ka taso a miƙe, to ka ƙwala wa ƙanen nan naka kira ya zo ya ƙirga.