Sharon a Lambu, Jar Tsutsa a Gonar Auduga: Abin da Feshi Kaɗai Ba Ya Kashewa

Duk mai lambun tumatir a Danja, ko Kafur, ko bakin dam ɗin Mairuwa, ya gwada wannan da zarar sanyi ya fara ja da baya. Ya shiga gonar da la'asar sakaliya, ya girgiza tushe biyu ko uku da hannunsa. Idan ya ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu launin toka sun tashi, sun ɗan yi shawagi sun sake shigewa ƙarƙashin ganye, to tsutsar tumatir da ake kira Sharon ta riga ta sauka, ko da kuwa ganyen yana nan kore shar. Waɗannan su ne iyayen tsutsar. Dangin malam-buɗe-littafi ne, amma na dare, kuma tsawon kowane ɗaya bai kai santimita guda ba. Da rana suna laɓe, sai magariba ta gabato su fito aiki. Shi ya sa manomi zai yi asarar lambu sukutum bai taɓa ganin fuskar mai ɓarnar ba, har wani ya ce ai wata cuta ce iska ta kawo.

Masana suna kiran wannan ƙwaro Tuta absoluta. Asalinsa Kudancin Amurka ne, kuma a ƙasar Feru aka fara sanin sa. A 2006 ya ɓulla a Sifaniya, bayan shekara biyu ya tsallaka teku zuwa Arewacin Afirka, daga nan ya ratso Sahara. A 2015 aka fara kuka da shi sosai a Najeriya, sannan 2016 ta zo da abin da masu noman rani ba za su manta ba: gonaki suka ƙone a Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna kamar an bi su da wuta, gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki saboda rashin kaya, matan gida kuwa suka koma wa kauɗa da tumatirin gwangwani. Tun daga lokacin bai tafi ko'ina ba. Yakan lafa, ya sake tasowa, musamman tsakanin Maris da Mayu.

Dalilin wannan lokacin a bayyane yake ga wanda ya san rayuwarsa. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har 260, ɗaya-ɗaya a bayan ganye da kan toho. Cikin 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar da ta fito kuma ba ta zama a fili. Nan take take huda ganyen ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, ta riƙa cinye koren da ke ciki. Abin da manomi yake gani shi ne farin tabo mai faɗi, wanda idan ya ɗaga ganyen ya kalli rana da shi zai hango tsutsar a ciki da baƙin kashinta. Idan ganye ya ƙare sai ta koma kara, ta koma 'ya'ya, yawanci ta ƙarƙashin hular tumatirin, ruɓa ta biyo baya. Da ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ko ta naɗe cikin busasshen ganye, ta yi kwance, ta fito da fukafukai. A lokacin zafi duk wannan zagaye bai cika wuce wata guda ba, sanyin hunturu kuwa yana ja masa birki. Wanda ya yi dashe da wuri ya kwashe yawancin amfaninsa cikin sanyi. Wanda ya makara, yana harin tsadar bazara, shi ne yake haɗuwa da jikoki da tattaɓa-kunnen ƙwarin da suka fara taruwa tun Disamba.

Yanzu mu zo kan feshi, domin a nan ne kuɗin jama'a yake zurarewa. Manomi ya ga ganye ya fara fari, sai ya hau babur ya nufi shagon magani a Funtuwa ko Malumfashi, ya ce, "Alhaji, ba ni mai ƙarfi." A miƙo masa kwalba. Ya fesa, bayan kwana uku bai ga canji ba, ya ƙara yawan murfin da yake zubawa a injin feshi, ya haɗa kala biyu ko uku, ya koma feshi kusan kullum. Ba lallai ne maganin jabu ne ba, ko da yake jabun ma yana nan. Matsalar ita ce yawancin magungunan da muka saba da su, irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin, sai sun taɓa jikin ƙwaro suke kashe shi, ita kuwa tsutsar tana cikin ganye a rufe. Ga shi kuma wannan ƙwaro ya zo mana ne da juriyarsa, domin an daɗe ana yi masa ruwan irin waɗannan magunguna a ƙasashen da ya baro. Abin da feshin ya fi kashewa shi ne gizo-gizo da ƙananan zanzaro da sauran ƙwarin da suke cin ƙwan Sharon da tsutsarta kyauta. Ka biya kuɗi ka kashe masu taimakonka.

Akwai magungunan da suke ratsa ganye su same ta, kamar masu ɗauke da emamectin benzoate, ko spinosad, ko chlorantraniliprole. Sunan sinadarin yana rubuce a jikin kwalba da ƙananan baƙaƙe, kuma shi ya kamata a duba, ba sunan kasuwa ba, domin kwalabe uku masu suna daban-daban suna iya zama abu ɗaya. Su ma waɗannan ba a nace wa guda. A Italiya da Burazil an riga an samu Sharon da ta daina jin wasu daga cikinsu saboda an yi ta maimaita su. Ƙa'idar ita ce a yi amfani da aji ɗaya na kimanin wata guda, sannan a sauya zuwa wani ajin, a bi ma'aunin da aka rubuta, a fesa da yamma, a kuma tabbata ya sami bayan ganye. Ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa yana taimakawa idan an fara da wuri, kafin tsutsa ta yi yawa. Idan lambu ya riga ya yi fari fat, duk abin da aka zuba ihu ne bayan hari.

Wata magana kuma da ba a son ji. A jikin kowace kwalba akwai adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Wanda ya fesa yau ya tsinka gobe ya kai kasuwa, guba ya sayar wa mutane, kuma iyalinsa na cikin masu cin miyar. Kada a ce ƙaramin abu ne: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya ƙasashenta saboda yawan sinadarin fiya-fiya da aka samu a ciki. Su suna da na'urar awo. Mai sayen tumatir a kasuwar Bakori ba shi da ita. Haka yaron da ake ba injin feshi ya goya ba riga, ba takalmi, ba abin rufe hanci, ruwan magani yana bin gadon bayansa.

Abin da ya fi feshi arha shi ne tarko. Roba mai faɗi, a zuba ruwa, a ɗiga ɗan sabulu ko mai, a rataya fitila mai caji a samanta, a ajiye ƙasa-ƙasa tsakanin kunyoyi da daddare. Iyayen suna bin haske, su faɗa ruwan, sabulun ya hana su tashi. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Ibadan, NIHORT, ta ƙera irin wannan faranti tana koya wa manoma. Akwai kuma tarkon da ake sa wa ɗan roba mai ƙamshin mace, wanda yake jawo maza kaɗai. Biyu ko uku a gona sun isa su sanar da kai ranar da ƙwarin suka iso, amma idan ana son rage yawansu da shi sai an jera da dama, ana sauya robar bayan mako huɗu zuwa shida. A kuma lura da wurin renon iri, domin sau da yawa daga nan ake dasa masifar da hannu. Gidan sauro da ya tsufa, in ba shi da ɓula, yana kare gadon reno. Kwandunan da suka je kasuwannin Kudu suka dawo su ma suna iya ɗauko ta a cikin saƙarsu, kada a jibge su a bakin lambu.

To amma babban gyaran ba a lokacin noma yake ba, bayan an gama ne. Mun saba idan farashi ya faɗi ko tsinka ta ƙare, sai a juya wa lambu baya a bar tsofaffin tushe a tsaye. Wannan lambun da aka watsar shi ne yake ciyar da ƙwarin da za su ci na maƙwabci, su kuma jira na baɗi. Idan babu tumatir suna rayuwa a kan gauta da yalo da dankalin Turawa, da ciyayi irin su gautan kaji da zaƙami. A tuge tsohon tushe, a ƙone ko a binne da zurfi, a kaftu ƙasar rana ta gasa na kwance, a share ciyayin gefe, sannan a bi wurin da albasa ko masara ko alkama.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, kakanninmu sun san shi ta hanyar auduga. Sharon tana da 'yar'uwa ta jini, gida ɗaya suka fito a lissafin masana, wato jar tsutsar auduga, wadda jikinta yake yin ruwan hoda idan ta girma. Ita ma uwarta 'yar ƙaramar mai yawon dare ce. Tsutsar tana huda ƙwallon auduga tun tana 'yar mitsitsiya, ƙofar ta toshe a bayanta, daga waje ka ga ƙwallo lafiyayye. A ciki tana cin angurya. Ranar da ya buɗe sai a ga rabi ya ƙi fashewa, audugar ta yi dabbare-dabbare, nauyi ya ragu, mai saye ya karya farashi. Alamarta ta farko furen da ya ƙi buɗewa ne, ya murɗe saboda ta ɗaure bakinsa da zare. Mai son tabbatarwa ya tsinko ɗanyun ƙwallaye daga sassa daban-daban na gona ya fasa da wuƙa. Ba ita kaɗai ce tsutsar auduga a Arewa ba, amma ita ce gwanar ɓuya: idan rani ya yi sai ta kwanta cikin angurya, wani lokaci ta manne guda biyu ta zauna a tsakiya, ta yi watanni tana jiran damina. Tana cikin ragowar ƙwallayen da aka bari a kan kara, da audugar da aka ɓoye a ɗaki ana jiran tsada, da sharar injin gurza. Kuɓewa da rama ma suna iya riƙe ta.

A zamanin da kamfanin Turawan Ingila na BCGA yake gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, ana kuma yaɗa iri daga gonar Daudawa, doka ce a tuge karan auduga a ƙone bayan kaka, a bar ƙasa wata da watanni babu tushe ko ɗaya. Iri kuma daga hukuma yake fitowa. An yi zalunci iri-iri a harkar audugar wancan zamani, ba mai musu, amma wannan dokar kam tana da hujja. Bayan an rushe hukumar cinikin auduga a 1986 kowa ya koma gaban kansa: iri daga kasuwa, kara kuma a tara a bayan gida don girki, da busassun ƙwallayensa a jiki. In dai za a yi makamashi da shi, a kakkaɓe ƙwallayen a ƙone, a kuma cinye karan kafin ruwan farko.

Wasu za su ce ai yanzu akwai sabon iri mai kashe tsutsa da kansa, wanda gwamnati ta amince da shi a 2018 bayan gwajin da aka yi tare da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru. Gaskiya ne, kuma yana aiki. Sai dai a dubi Indiya, inda aka fara shuka irinsa a 2002. An yi sakaci da barin ɗan yanki na audugar gargajiya a gefe kamar yadda aka tsara, aka kuma riƙa jan noman har ya zarce lokacinsa, cikin shekara goma sha 'yan kai jar tsutsa ta koyi cin sabon irin ba abin da ya same ta. Amurka kuwa, wadda tsutsar ta shiga a 1917, ta sanar da kawar da ita a 2018. Sun haɗa sabon iri da tarkon ƙamshi da sakin ƙwarin da aka mayar juya ta jirgin sama, tare da tilasta wa kowane manomi nome ragowar gonarsa kafin ranar da aka yanka. Ba mu da jiragen sakin ƙwari, amma yanka rana ba ya buƙatar jirgi.

Abin da ya sa na nace a kan rana ɗaya shi ne ƙwaron yana tashi, kuma bai san iyakar gona ba. Mutum ɗaya mai tsafta a tsakiyar fadamar da kowa ya watsar da nasa, wahalar banza yake yi. Wannan aikin mai unguwa ne da sarkin noma da shugabannin ƙungiyar masu noman rani: a zauna tun kafin a zuba iri, a amince da lokacin dashe, a amince da ranar da tushe na ƙarshe zai bar ƙasa, a gayyato malamin gona na hukumar KTARDA ya nuna wa matasa yadda ake gane ƙwai da tabon farko. Mai shagon magani shi ma a kira shi zaman, tun da shi ne likitan da manomi yake fara gani, a nemi ya riƙa karanta wa mai saye sunan sinadari da kwanakin jira kafin ya karɓi kuɗi. Ga masu lambu zaman ya kamata ya kasance a watan Satumba, ga masu auduga kuwa da zarar an gama tsinka ta ƙarshe.