Ina Ma'ajiyar Gado Ta Ke Cikin Ƙwayar Halitta?

In an tambaye mu a aji ina DNA ya ke cikin ƙwayar halittar dabba, yawancinmu sai mu ce cikin cibiya, mu yi shiru. Wannan rabin amsa ce, ita ce kuwa ke kā da ɗalibi ran jarrabawa.

Gaskiya ne cibiyar ƙwaya ita ce babban rumbu. Daga cikinta wani masani mutumin Suwizalan, Friedrich Miescher, ya fara tsamo abin a 1869, daga mugunyar tsumman ɗaurin miki. A ɗaure ya ke dami dami, su a ke kira kuromosom. Mutum na da 46, tunkiyar kasuwar Jega 54, saniya da akuya 60.

Amma fa akwai ƙaramin rumbu a waje. Cikin ruwan da ya kewaye cibiya akwai waɗansu 'yan abubuwa, maitokondiriya, watau murhun da ke ƙona abinci ya zama ƙarfi. A 1963 aka gane su ma suna da nasu DNA, ɗan zobe ne, na mutum umarni 37 kaɗai ya ɗauka. Abin mamaki, ta wajen uwa a ke gadonsa. Maraƙin da aka haifa a Maiyama, kome ƙasaitar bijimin da ya yi barbarar, zoben nan na uwarsa ne.

Shi kuwa RNA ɗan aike ne, ba ya zama wuri guda. A cibiya a ke kwafo shi, ya fito da saƙo zuwa ga raibosom, masu ƙera furotin. Su kansu raibosom da RNA aka gina su. Waɗansu na yawo cikin ruwan, waɗansu na manne da fatun ciki, har cikin murhun nan akwai su.

Mu da mu ke koyon madubin likita da albasar Aliero sai mu yi hankali. Tsiro yana da rumbu na uku, kuloropilas, cikin koren ganyensa. Dabba ba ta da shi.

Jini kuwa ya fi rikita mutum. Jajayen ƙwayoyin jinin rago da na mutum su kan zubar da cibiya da murhu duka in sun ƙosa, na kaza da zabo su kan riƙe cibiyarsu. Don haka in aka ɗebi jinin mutum don binciken gado, daga fararen ƙwayoyi a ke samun DNA.