Darasin kamun kifi daga kogin Matan Fada

Ɗalibai a Argungu da ke jihar Kebbi suna da misali a ƙofar gida na amfanin barin kifi ya girma. Akan hana su a wurin da ake gasar kamun kifi a kogin Matan Fada, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, har sai ranar biki. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai nauyin babban mutum.

Aikin malamai shi ne bayyana dalili. Karfasa, alal misali, a cikin baki take renon ƙwayayenta, saboda haka kama uwa guda asarar ɗaruruwa ce. Raga mai ƙananan idanu kuwa, da zuba guba irin Gamalin a ruwa, kan hallaka har 'ya'yan kifin da masunta za su dogara da su baɗi.