Yadda Sola Ta Fara Korar Janareta a Kasuwar Sabon Gari

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa caji ko gyara a kasuwar Sabon Gari da ke ƙaramar hukumar Fagge ya san ƙarar janareta da hayaƙinsa. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke kan gaba wajen ɗumama duniya. A kasuwa mai dubban shaguna, wannan hayaƙi ba kaɗan ba ne.

A shekarar 2018, Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, wato REA, ta sa kasuwar cikin wuraren farko na shirinta na bai wa kasuwanni wutar kansu, inda kamfanin Rensource ya kafa na'urorin sola.

Tsarin mai sauƙi ne. Farantan sola da ke kan rufi suna mayar da hasken rana lantarki, batir ya adana rarar, inbata kuma ta juya wutar zuwa irin wadda fanka da cajar waya ke amfani da ita. Daga nan a ja waya zuwa shaguna.

Abin da ya sa tsarin ya karɓu shi ne yadda ake biya. Mai shago ba ya sayen faranti ko batir, waɗanda su ne ke cin kuɗi. Kamfani ne ke zuba jarin, shi kuwa ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, kamar mai sayen data. Matsalar sola dama ba ƙarancin rana ba ce a Kano, kuɗin farko ne.

Abubuwa biyu sun ƙara wa tafiyar sauri. Farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, sannan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya sa kunna janareta ya zama aiki.

Najeriya ta yi alƙawari a taron COP26 na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Manyan ayyuka irin tashar sola mai megawat 10 ta Kumbotso suna taimakawa, amma suna ɗaukar shekaru. Rufin kasuwa kuwa yana nan a shirye.

Ga mai son haɗa sola a shagonsa: fara da lissafin wutar da kayanka ke sha, ka tambayi garantin batir, kuma ka riƙa goge faranti lokacin hunturu, domin ƙura tana rage ƙarfinsa.