SANYIN JIKI BAYAN TIYATA: SU WA YA FI KAMAWA?

 

Sau da yawa za a fito da mutum daga ɗakin tiyata yana makyarkyata, haƙora na haɗuwa, sai hankalin dangi ya tashi. Wani ya ce zazzaɓi ne, wata ta ce iska ce. Galibi ba ko ɗaya ba ne, zafin jikinsa ne ya sauka.

Zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37 ne. In ya yi ƙasa da 36 bayan aiki, likitoci na ɗaukarsa matsala. Dalili kuwa, allurar barci tana buɗe jijiyoyin jini na fata, sai ɗumin da ke cikin jiki ya fito waje ya tafi. A awa ta farko kaɗai mutum kan iya rasa digiri 1 ko fiye. Ga ɗakin tiyata da sanyin na'ura, ga shi ba tufa a jikinsa sai 'yar riga.

Waɗanda abin ya fi kamawa:

1. Tsofaffi, domin jikinsu ba ya saurin maido da ɗumi.
2. Jarirai da ƙananan yara, musamman bakwaini.
3. Ramammu, da wanda doguwar jinya ta cinye.
4. Wanda aikinsa ya daɗe, ko aka buɗe ciki ko ƙirji.
5. Wanda ya zubar da jini da yawa aka yi masa ƙari. Jinin nan a firji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 zuwa 6, shi ya sa ake son a ɗumama shi. Haka ma ƙarin ruwa mai yawa.
6. Wanda aka haɗa wa allurar barci da ta baya.
7. Mai ciwon suga da ya taɓa jijiyoyi, da wanda ya ƙone sosai.
8. Wanda tun kafin a shiga da shi jikinsa ya yi sanyi, misali an bar shi a baranda da asuba a lokacin hunturu.

Kada a raina wannan sanyi. Yana hana jini daskarewa da wuri, sai wurin aiki ya yi ta tsattsafo. Yana jinkirta farfaɗowa, yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofar shiga miki. Karkarwar kuma tana wahalar da zuciya, musamman ga dattijo mai ciwon zuciya.

To me ya rage ga mai jinya?

Ku je asibiti da bargo mai tsabta, da safa da hula. A lulluɓe majinyaci tun yana jiran a shiga da shi, haka bayan an fito. In tufarsa ko zanen gado ya jiƙe, a canza. A kau da fanka daga kansa. Ku roƙi nas ta auna zafin jikinsa, kada ku ji nauyi.

Abin da za a kiyaye: kada a ɗora robar ruwan zafi a jikin wanda aka yi wa allurar baya, kamar matar da aka ciro wa jariri. Ƙafafunta ba sa ji, za ta ƙone ba ta sani ba. Kada a shigo da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙinsa na kisa.

Ni da na shekara ina harkar magani ina gaya muku: shayin citta da kanumfari yana da amfani, amma ba a ba wanda ya fito daga tiyata komai ta baki sai likita ya ce. Kuma tun kafin aiki, a gaya wa likita duk maganin gargajiyar da ake sha, domin irin su tafarnuwa da citta in an yawaita suna iya ƙara zubar jini.

In kuwa karkarwa ta zo bayan kwana biyu ko uku tare da zafin jiki, ko mikin ya fara ruwa, wannan wani abu ne daban. A sanar da likita nan take.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri. A tura wa 'yan uwa domin su amfana.